Shawa ba ta da ƙarfi a fulat ɗin sama: in sayi injin ƙara ƙarfin ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haya a Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina. Bene ne mai hawa ɗaya, fulat huɗu, biyu sama biyu ƙasa, ni ina sama. Rijiyar burtsatse gare mu, da tanki ɗaya mai cin lita 2,000 a kan gadon ƙarfe da tsayinsa zai yi mita 6. Tun da muka tare shawar ba ta da wani ƙarfi, amma 'yan watannin nan abin ya ƙara lalacewa, ruwan yana zuba ne kamar daga bakin buta, har mun koma wanka da bokiti. Maƙwabcina na ƙasa ya ce tasa lafiya lau. Wani mai gyara ya ce in sayi injin ƙara ƙarfin ruwa, mai gidan kuma ya ce zai sauya tanki da wanda ya fi girma. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kada ka sayi komai tukuna, ka kuma roƙi mai gidan ya dakata da maganar sabon tanki. Na daɗe ina aikin famfo a garin nan, kuma abin da ya fi damuna a sana'ar shi ne in shiga gida in tarar an kashe kuɗi masu yawa, an fasa tayil, an sayi inji, alhali ba wanda ya tsaya ya auna ruwan ko sau ɗaya. A bayaninka akwai matsala biyu, ba ɗaya ba. Ka ce tun farko ba ta da ƙarfi, wannan daban. Ka ce kwanan nan ta ƙara lalacewa, wannan ma daban. Ta farkon daga tsarin ginin take. Ta biyun kuwa wani abu ne ya toshe a wani wuri, domin ruwa ba ya tsami banza.

Bari in fara da ta farkon, don ita ce mutane suka fi kasa fahimta.

A gidan da ruwa ke saukowa daga tanki, babu abin da ke tura ruwan nan sai nauyinsa. Ƙarfin da zai fito da shi kuwa bai dogara da yawan ruwan da ke cikin tankin ba, ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin saman ruwan da kan shawarka, in aka auna ta tsaye cak. Ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwalayen kayan famfo sunansa bar, kuma kowane mita 10 na tsayi yana ba da kusan bar 1. Don ka ga girman abin a zahiri, Hasumiyar Gobarau tsayinta kusan mita 15 ne. Da za a ɗora tanki a ƙololuwarta, wanda ke tsaye a gindinta bar 1 da rabi zai samu.

To, mu yi lissafin gidanku. Daɓen fulat ɗin sama yana kamar mita 3 daga ƙasa. Kan shawa yana mita 2 daga daɓen. Ka ga shawarka tana mita 5 ke nan. Gadon tanki mita 6, tsayin tankin kansa mu ce mita 1 da rabi. In an cika shi maƙil, saman ruwan yana mita 7 da rabi, wato tazarar da kake da ita mita 2 da rabi ce kacal, rubu'in bar. In ruwan ya yi ƙasa ya kusa ƙarewa, mita 1 ya rage maka, wato kashi 1 cikin 10 na bar. Maƙwabcinka na ƙasa kuwa shawarsa tana mita 2, don haka tazararsa mita 5 da rabi ce in tanki ya cika, ya ninka naka har da ɗoriya, kuma ko ruwan ya yi ƙasa yana da mita 4 a hannu. Gaskiya ya faɗa maka da ya ce tasa lafiya lau. Tanki ɗaya kuke sha, amma rabonku ba ɗaya ba ne.

Shi ya sa nake cewa tankin da ya fi girma ba zai magance maka wannan ba. In aka sauke mai lita 2,000 aka ɗora mai lita 5,000 a kan gadon nan dai, ruwa zai daɗe bai ƙare ba, wannan alheri ne, amma ƙarfin shawarka ɗan abin da zai ƙaru bai wuce bambancin tsayin tankunan biyu ba. Ga kuma haɗari: lita 1,000 na ruwa tan 1 ne cur. Gadon da aka ƙera don ɗaukar tan 2 ba a ɗora masa tan 5 haka kawai, balle a tsakar gidan da yara ke wasa.

Akwai gwaji biyu da za su tabbatar maka da wannan ba tare da ka kashe ko sisi ba. In shawarka irin ta hannu ce mai tiyo, buɗe ta tana rataye a wurinta ka kalli zubar ruwan, sannan ka ciro ta ka sauke ta daidai gwiwarka. In ka ga ruwan ya miƙe ya yi ƙarfi a ƙasa, ya kuma lanƙwashe da ka sake ɗaga ta, tsayi ne matsalarka. Na biyu, ka lura da shawar a daidai lokacin da aka gama tura ruwa tanki ya cika, ka sake lura da ita da yamma bayan an yi wanki da girki. In bambancin a fili yake, magana ɗaya ce.

Yanzu kuma ga abin da ya ƙaru kwanan nan. Nan sai an bi ruwan daki-daki, daga inda yake fita a koma baya zuwa tanki, a fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Samo bokitin fenti mai lita 20 da agogon wayarka. Tara ruwan shawar na minti 1 daidai, ka ga inda ya tsaya. Shawa mai daɗin wanka takan ba da lita 8 zuwa 10 a minti, wato kusan rabin bokitin. Lita 6 ma ana iya wanka da ita ba takura. In abin da ka tara bai wuce lita 3 ko 4 ba, shi ne abin da kake kuka da shi. Rubuta adadin. Sai ka kwance kan shawar gaba ɗaya, da hannu ma yakan kwantu, in ya ƙi ka naɗa tsumma ka kama da sifana don kada ka kankare shi. Buɗe ruwan ya fito ta bakin bututun tsirara, ka sake aunawa. Wannan awon na biyu shi ne alƙalin maganar. In ruwa ya bulbulo da yawa daga bututun, to laifin kan shawar ne, an gama. In nan ma a sanyaye yake fitowa, matsalar tana can baya.

Sau da yawa a nan abin yake ƙarewa. Juya kan shawar ka leƙa inda ake ɗaura shi, za ka ga wata 'yar rariya kamar ta tace shayi, girman bakin kwalba. A gidajen da ke shan ruwan burtsatse nakan same ta cike da yashi mai laushi, ja-ja, ya dunƙule da laka har sai ka sa farce ka ɓamɓaro shi. Ka girgiza kan shawar kusa da kunnenka, wani lokaci za ka ji rairayin yana kacau-kacau a ciki. Su kuma ƙananan hudojin da ruwa ke fita, za ka ga wani farin abu kamar kanwa ya daskare a bakinsu, rabinsu sun toshe, sauran suna feso ruwa a karkace, wani ya nufi bango wani ya nufi ƙofa. Ma'adinan da ke narke cikin ruwan ƙasa ne suke bushewa a wurin. Maganinsa mai sauƙi ne: jiƙa kan shawar a cikin ruwan khal, wato binega, ya kwana, in babu ka matse lemon tsami da yawa a ruwan ɗumi, da safe ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka bi hudojin da allura, ka ɗauraye. Ina roƙonka kada ka yarda wani ya zuba ruwan batir ko asid ɗin wanke masai. Suna cinye roba da ƙyallin ƙarfen, kuma abu ne da ruwansa zai sauka a idon iyalinka.

Bayan rariyar nan akwai wani abu da mutane da yawa ba su san da shi ba: wata 'yar roba mai ƙaramar huda a tsakiya, wani lokaci kore ko ja ko fara. Aikinta rage yawan ruwa. A Amurka tun 1992 doka ta ƙayyade cewa kan shawa kada ya ba da fiye da kusan lita 9 da rabi a minti, kuma kamfanoni da yawa suna ƙera kayansu ne da irin waɗannan ƙasashe a rai, inda ruwan famfo ke shiga gida da ƙarfin bar 3 ko 4. A can robar tana da amfani. A fulat ɗinka mai rubu'in bar kuwa, shaƙe ɗan abin da ke akwai take yi. Zaro ta da tsinke ko ƙaramin filaya, ka mayar da rariyar da wosharta.

Sai kuma irin kan shawar kansa. Akwai faffaɗan nan mai kama da faranti, wanda ake yayi a sababbin gidaje. Yana da kyau a ido, amma hudojinsa sun yi yawa, in ruwa ba shi da ƙarfi sai ya taru a tsakiya ya riƙa tsiyaya kamar indararo a ƙarshen ruwan sama. A hawan sama na gidan tanki, ƙaramin kai mai 'yan hudoji masu ɗan faɗi ya fi shi nesa ba kusa ba. Haka nan famfon nan mai hannu ɗaya da ke gauraya ruwan zafi da na sanyi, hanyoyin cikinsa matsattsu ne, yawancinsu an yi su ne don ruwa mai ƙarfi. In za ka sayi sabo, duba jikin kwalin, akan rubuta mafi ƙarancin bar ɗin da yake buƙata.

To, in ka kwance kai ka ga bututun ma ba ya kawo ruwa sosai, sai ka zagaya gidan. Buɗe famfon kicin, da na wanke hannu, da na ƙasa da ake tarar ruwa a banɗaki. In duk suna da ƙarfi sai shawar kaɗai, toshewar tana tsakanin mahaɗar da layin shawar ya rabu da sauran da kuma shawar kanta: ko tiyon ya lanƙwashe, ko robar cikinsa ta saɓule ta naɗe, ko famfon shawar ya cika da datti. In kuwa ruwan zafi ne kaɗai ba ya zuwa, ka nufi hita, wato na'urar dumama ruwa. A bakin shigar ruwanta akwai wani bawul da ke hana ruwa komawa baya, yana kuma sakin ruwa in matsi ya yi yawa a ciki. Yakan toshe da farin dattin nan. A wanke shi ko a sauya shi da sabo, amma kada a cire shi a bar wurin haka, don shi ne tsaron hitar. Kuma kafin a taɓa ta a kashe wutarta tukuna, domin in aka zubar da ruwan tana kunne, abin dumama ruwan zai ƙone nan take.

In duk fulat ɗin ne ruwa ba shi da ƙarfi, ka tambayi maƙwabcinka na sama, ba na ƙasa ba, shi ne kuke tsayi ɗaya. In tasa ta fi taka, layinka ne ke da matsala. Duba bawul ɗin da ke shigo da ruwa fulat ɗinka. Sau da dama an taɓa yin wani gyara, an rufe shi, da aka gama aka buɗe rabi aka tafi. Irin mai hannu miƙaƙƙe, in yana buɗe sosai hannun yana kwance ne tare da bututun. Irin mai kan zobe da ake murɗawa kuwa yana da wata cuta: ƙofar cikinsa takan tsinke ta faɗa, kana ta murɗa zoben yana juyawa, kana ganin ka buɗe, alhali hanya a rufe take sai ɗan kaɗan.

Akwai kuma iska. Kun taɓa barin tanki ya ƙare ƙarƙaf kwanan nan? In ya ƙare, iska takan shiga bututu, in an sake cika tanki sai ta maƙale a inda bututun ya yi tudu, ruwa kuma ba shi da ƙarfin da zai ture ta. Alamarta ita ce famfo ya riƙa tari yana tofar da ruwa, ya zo ya ɗauke. Wannan ya fi addabar na sama, don su ne masu ƙaramin ƙarfi. Cika tanki maƙil, a buɗe duk famfunan fulat ɗin lokaci ɗaya na 'yan mintuna, sau da yawa takan fita. In ta ƙi, mai gyara zai tura ruwa daga ƙasa da tiyo ya koro ta zuwa tanki. Don kada ta dawo, a sa bututun shaƙar iska a daidai mafitar tankin, ya miƙe sama ya ɗara tsayin tankin. In ka ɗaga kai ka dubi tankunan unguwa za ka ga wani siririn bututu tsaye a gefen wasunsu, shi ne.

Daga nan sai a hau a leƙa tankin. Yaushe rabon da a wanke shi? Ƙurar hunturu ba ta barin tankin da murfinsa bai zauna daidai ba, ga yashin da samo, wato injin da ke cikin rijiyar burtsatse, ke turowa, ga gansakuka in rana tana shiga. Duk suna kwanciya a gindi, a daidai inda mafitar take. Ina ba da shawarar a wanke shi sau 2 a shekara, bayan hunturu da bayan damina. In yashin ya yi yawa ƙwarai, mai yiwuwa an saukar da samo ya kusa taɓa gindin rijiyar, sai a ɗago shi kaɗan. Wani kuskure da nake yawan gani kuma shi ne a sa matatar ruwa a bututun da ke saukowa daga tanki. Niyyar mai kyau ce, amma matatar tana cin ƙarfi tun tana sabuwa, in ta yi datti kuwa sai ta kashe shawar sama gaba ɗaya. Wurinta shi ne tsakanin samo da tanki, inda inji ke tura ruwa da ƙarfinsa. Gidajen da ke samun ruwan famfo na madatsar Ajiwa su tara a tankin ƙasa su tura sama, su ma haka tsarin ya kamata ya kasance.

Abin da na bari a ƙarshe shi ne bututun da ke cikin bango, don shi ne mai tsada. Faɗin bututu yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Hanyar ruwa a bututun inci 1 ta ninka ta rabin inci kusan sau 4. Ƙa'ida ita ce a sauko daga tanki da babba, inci 1 ko fiye, a raba wa kowane fulat layinsa, sai a bakin famfo a rage zuwa rabin inci. In aka jawo rabin inci tun daga tanki aka raba wa gida huɗu, duk sanda na ƙasa ya buɗe famfo, na sama ya rasa. Tsofaffin bututun ƙarfe kuma tsatsa ce ke cike su daga ciki, alamarsu jan ruwa da safe. Shi kuma koren bututun nan da ake haɗawa da wuta, yana da inganci, amma yana son hannun da ya iya. Na taɓa bin layin wani fulat a nan gari, komai lafiya, ruwa babu. Da na yanke gwiwar da ke bayan banɗaki na ɗaga ta ga hasken rana, sai na ga wanda ya haɗa ta ya bar ta a wuta ta wuce lokaci, ya kuma danna da ƙarfi, robar ta narke ta naɗo ciki ta yi zobe. Hudar da ta rage ko ƙwayar gyaɗa ba za ta wuce ba. Shekaru mutanen gidan suna wanka da bokiti saboda gwiwa ɗaya. Farin bututu ma in aka cika masa gam, haka yake yi. Amma ko da zargi ya faɗa kan bango, kada a fara da fasa tayil. A fara yanke layin daga waje, wuri-wuri, ana auna ruwa da bokiti, har a gano tsakanin ina da ina ƙarfin ya ɓace. In kuma kana ganin danshi a bango ko fenti yana kumbura, ku rufe duk famfunan gidan da dare, ku yi alama a inda ruwan tanki ya tsaya, da asuba kafin kowa ya yi alwala ku duba. In ya sauka, akwai yoyo.

Sai bayan duk wannan ne maganar inji take tasowa, kuma ba na ƙin ta. In an wanke komai, an buɗe komai, amma tsayi ya gaza, hanya biyu ce: a ɗaga tanki ko a sa inji. Ɗaga tanki shi ne gyaran da ba ya buƙatar wuta, kuma na fi son sa in da hali, sai dai ka tuna kowane mita 1 da aka ƙara kashi 1 cikin 10 na bar kawai yake bayarwa. Sai an ƙara mita 3 zuwa 4 kafin ka ji bambanci na gaske, wannan kuwa sabon gado ne da sabon tushe, wanda zai jure guguwar farkon damina da nauyin tan 2 a kansa. Aikin mai gida ne da ƙwararren mai walda, ba na ɗan haya ba.

Ƙaramin injin ƙara ƙarfi, irin mai cin wat 100 ko sama kaɗan, yana tashi da kansa in an buɗe famfo, ya tsaya in an rufe, kuma yakan ƙara kusan bar 1. Ga mai rubu'in bar, wannan canji ne babba. Ba ya cin wuta sosai, ƙaramar sola ma tana ɗaukarsa. Amma a sa shi a layin fulat ɗinka kaɗai, kuma layin ya taso daga tanki kai tsaye. In aka ɗaura shi a bututun da kuke tarayya, zai riƙa zuƙe ruwan maƙwabcinka duk sanda ka shiga wanka, ka gyara shawa ka ɓata zumunci. A yi masa hanyar ratse da bawul, yadda in babu wuta ruwa zai bi ta gefe ya wuce. A tabbatar tanki ba ya ƙarewa, don injin da ya yi aiki babu ruwa ƙonewa yake yi. Na'urar nan mai yawo a kan ruwa da ke kunna samo da kanta in ruwa ya yi ƙasa tana maganin wannan, tana kuma riƙe maka tanki a cike, wanda shi kansa ƙarin ƙarfi ne. Wayarsa kuma mai aikin lantarki ne zai ja ta, da wayar ƙasa, nesa da inda ruwa ke fantsama. Bayan an sa shi, ka sa ido kan mahaɗun bututu na 'yan kwanaki, domin mahaɗar da ta yi shekaru tana ɗaukar ƙaramin ƙarfi takan fara ɗiga in aka ƙara mata.

Tunda haya kake, kan shawa da tiyo da wanke rariya naka ne, ba sai ka nemi izinin kowa ba. Abin da ya shafi tanki, bututun bango da jan wuta kuwa, sai da yardar mai gida, kuma ku yi magana tun farko kan wanda zai biya da kuma ko za ka tafi da injin in ka tashi. In za ka je wurinsa, ka je da awon da ka yi a rubuce: lita nawa a minti da kan shawa, lita nawa babu shi, lita nawa tanki na cike, lita nawa da yamma. In ka turo mini waɗannan adadi huɗun, tare da faɗin bututun da ya sauko daga tankin, in sha Allahu zan gaya maka ko injin ya zama dole ko a'a.